Wa Ya Ba Ka Izini? Jayayyar Masu Asiri a Ƙasar Adamawa

Masu karanta littattafan yaƙi na Hausa, irin waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi suna da su, sun san yadda ake shimfiɗa fage. Ga birnin matsafa masu gunki, ga wani birnin na bokaye da rundunar aljanu, kowanne da shugabansa da almajiransa da kundin sirrinsa, kowanne yana neman ganin bayan ɗan'uwansa. A cikin labari rigimar ba ta da wuyar yankewa. Za a haɗu a fili, wannan ya tofa, wancan ya tofa, wanda ƙasa ta tsage ta haɗiye shi ne maƙaryaci.

Ƙasar Adamawa ta fi shekara 200 tana ganin irin wannan jayayya ido da ido, sai dai ƙasa ba ta taɓa tsagewa ta raba gardama ba. Kafin a yi nisa, a gyara zance: babu Baƙadire ko Batijjane da zai yarda a kira ɗariƙarsa ƙungiyar masu sihiri, kuma yana da gaskiya. Ɗariƙa hanyar zikiri ce da tarbiyyar zuciya, sihiri kuwa malaman kowane ɓangare sun haɗu a kan haramcinsa. Amma kusan duk wata jama'ar addini da ta taɓa kafa tuta tsakanin Yola da Jimeta ta yi iƙirarin cewa akwai wani abu a hannunta da ya wuce na sauran mutane, abokan hamayyarta kuma suka laƙaba wa abin wani suna. Abin da mabiya suka kira karama, na tsallaken titi suka kira tsibbu. Da wuya ka ji wani a cikinsu ya ce abin babu shi. Abin da ake tuhumar juna da shi shi ne tushe: a ina ka samo, a hannun wa ka karɓa, wa ya ba ka izini.

Sana'ar kanta ba ɓoyayyiya ba ce ga duk wanda ya tashi a Arewa. Malami ya ɗauki allo da alƙalamin kara da tawadar da aka haɗa da ƙaro, ya rubuta ayoyi sau adadi kaza, a wanke a sha. In laya ce, a rubuta a takarda, a naɗe, a ɗaure da zare, a kai wa baduku ya rufe da fata. Wanda ya yi zurfi yana aiki da hisabi: kowane harafin Larabci yana da adadinsa, sai a tara na sunan mutum da na mahaifiyarsa, a raba, a fitar da burujinsa da ɗabi'arsa, ko wuta ce ko ƙasa ko iska ko ruwa, sannan a san sa'ar da ta dace da aikin. Hatimi mafi sauƙi gida tara ne, uku-uku, ta duk inda ka tara adadin da ke ciki 15 zai ba ka. Akwai bugun ƙasa, akwai shiga halwa. Littafin da aka fi jingina wannan fanni gare shi shi ne Shamsul Ma'arif na al-Buni, malamin ƙarni na 13, amma ƙasar nan ba 'yar kallo ba ce. Muhammad al-Katsinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta Durrul Manzum da Bahjatul Afaƙ a kan waɗannan ilmuka, kuma a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, ya cika. Misirawa ne suka zauna gabansa suna ɗaukar karatu.

Duk mai wannan sana'a zai gaya maka abu ɗaya: in ka kwafi laƙani daga littafi ba tare da an ba ka izini ba, ko dai ya ƙi ci, ko ya juyo kanka. Nan ne sana'ar ta haɗu da ɗariƙa, don ita ma wuridinta ba a ɗauka daga takarda. Muƙaddami ne ke ba ka, shi ma wani ya ba shi, har a kai ga Shehun da ya kafa ta. Wanda ya riƙe wannan silsila ya riƙe mutane.

Tutar Yola da ta Gwandu

Daular Fombina, wato Adamawa, da Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809 ta taso ne a inuwar Ƙadiriyya. Shehu da kansa ya ba da labarin yadda a 1794, yana da shekara 40, ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza cikin wani yanayi na buɗi, ya rataya masa takobin gaskiya. Jama'ar Shehu suna kiran kansu Ƙadirawa. Wannan Shehun kuma shi ne ya rubuta Nurul Albab yana sukar masu duba da masu yanka wa duwatsu da itatuwa da masu haɗa ayoyin Allah da ƙazanta. Ke nan tun daga tushe an ja layi: buɗin waliyyi a gefe guda, aikin boka a gefe guda, kuma hukuma ce ke nuna wanda ya faɗa ko'ina.

A Adamawa layin ya fi kaifi, don waɗanda aka tarar a ƙasar suna da nasu manyan wuraren. Bata da Bachama suna da wurin bautar Nzeanzo a Farai kusa da Demsa, inda har gobe ake bikin shekara. Modibbo Adama ya bar Gurin, ya zauna Ribadu, ya tare a Yola a 1841, amma ya rasu a 1847 bai ga faɗuwar Bagale ba, dutsen nan na Bata da ke tsallaken Binuwai, wanda ana hangensa daga gari. Sai a 1853 ɗansa Lamiɗo Lawal ya ci shi. Mutanen da suka shekara goma sha suna kallon dutsen da ya gagare su ba za su ce tsafin masu shi wasa ba ne. Cewa za su yi addu'armu ce ta fi, da lokacinta ya yi.

Barakar farko a cikin gida daga yamma ta zo, kuma da sallama ta shigo. Alhaji Umaru Futi, babban halifan Tijjaniyya, ya zauna Sakkwato shekaru da dama a cikin shekarun 1830 a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka, har ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin waɗanda suka karɓi wuridi a hannunsa akwai Modibbo Raji, almajirin Abdullahi Ɗanfodiyo kuma surukinsa, wanda ya yi alƙalanci a Gwandu. Raji ya daɗe bai bayyana ba. Dalilin a fili yake. Tijjaniyya tana da sharuɗɗan da Ƙadiriyyar wancan zamani ba ta saba da su ba: wanda ya karɓe ta ba ya haɗa ta da wuridin wata ɗariƙa, ba ya ziyarar waliyyan da ba nata ba don neman albarka, kuma ya yarda cewa Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, shi ne cikamakin waliyyai. A daular da aka gina da sunan Abdulƙadir, wannan magana ta wuce zancen carbi. Shi ya sa da Tijjanawa suka fara cewa Bello ma ya karɓa kafin ya rasu a 1837, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya tashi tsaye ya musanta. Ana jayayya ne a kan gawa, amma abin da ake nema a hannun rayayyu yake.

Raji ya bar Gwandu da niyyar hajji, ya iso Yola a tsakiyar shekarun 1850, hanyar gabas ba ta buɗe masa ba, Lamiɗo Lawal ya riƙe shi da girmamawa. A nan ya karantar har ya rasu wajen 1865, kuma shi ake jingina wa shigowar Tijjaniyya Adamawa. Abin lura shi ne ba a zubar da jini ba. Fada ta ga malamin da ya zo da sabon wuridi amma bai zo neman kujera ba, ta ba shi masauki. Wanda ya biyo bayansa da shekara ashirin da 'yan kai bai tsaya ga wuridi ba.

Jikan Bello a Balda

Tun Modibbo Adama yana da rai, Muhammadu Bello ya rubuto masa wasiƙa yana umartarsa ya tura mutane wajen kudancin Wadai da Darfur su riƙa sauraron labarin Mahadi, domin Shehu ya sanar da su cewa jama'arsa za ta yi ƙaura zuwa wannan nahiya ta haɗu da shi. Adamawa ita ce ƙofar gabas ta daular, ita aka ba gadin wannan albishir. Ba wanda ya yi tunanin ranar da albishirin zai ƙwanƙwasa ƙofa a bakin jikan mai wasiƙar.

Hayatu ɗan Sa'idu ɗan Muhammadu Bello ya bar Sakkwato wajen 1878, bayan sarautar Musulmi ta kauce wa mahaifinsa. Lamiɗo Sanda ya karɓe shi hannu biyu a Yola, kamar yadda ya dace da jinin Shehu, ga shi kuma malami ne na gaske. Bayan 'yan shekaru ya tashi ya yi arewa, ya kafa zango a Balda, can wajen Marwa a Kamarun yau. A 1881 Muhammad Ahmad ya bayyana a Sudan ya ce shi ne Mahadi. Hayatu ya aika masa da mubaya'a, shi kuma ya naɗa shi wakilinsa a kan ƙasashen Sakkwato baki ɗaya.

A nan aka shiga tsaka mai wuya. Mahadin Sudan ya ce zamanin ɗariƙu da mazhabobi ya wuce, kowa ya ajiye wuridinsa ya kama Ratibi, littafin addu'o'in da ya tsara. Izininsa, in ji shi, daga Annabi yake kai tsaye, a farke ba a mafarki ba. In haka ne, tutar da Modibbo Adama ya karɓo ta gama aikinta, Lamiɗo da Sarkin Musulmi duk talakawan Hayatu ne. Kuma hujjar da Hayatu ke kafawa ba baƙuwa ba ce, maganar kakansa ce da kakan babansa, wadda kowane modibbo a Fombina ya sani. Ta yaya za ka ƙaryata mutum da littafin gidansu? Sakkwato ta ce alamomin da Shehu ya faɗa ba su cika a kan mutumin Sudan ba. Fulanin arewacin Fombina da yawa suka ce sun cika, suka kwashi iyali da shanu suka nufi Balda.

Sanda ya yi ta lallaɓawa, ba ya son ɗaga takobi a kan jikan Bello. Zubairu, wanda ya gaje shi a 1890, ba mai wannan haƙurin ba ne. Ya ɗauki runduna ya nufi arewa, aka gwabza wajen 1893, aka kuwa karya shi. Ana ba da labarin cewa da yawa daga mayaƙansa zuciyarsu ba ta cikin yaƙin, kuma ba abin mamaki ba ne: mutum ya taso ana gaya masa albarkar gidan Shehu ce ke ci masa yaƙi, yau an ce ya harbi ɗan gidan. Sai dai nasarar ba ta yi wa Hayatu rana ba, don an ƙone Balda a cikin wannan hargitsi. Ya haɗa kai da Rabe, wanda shi ma ke yaƙi da tutar Mahadi, ya auri 'yarsa Hauwa, aka ci Barno tare a 1893. A Dikwa ya gane cewa Rabe tutar yake so, ba mai tutar ba. Da ya yi yunƙurin ficewa a 1898, Fadlallah ɗan Rabe ya bi shi da bindigogi aka kashe shi.

A ganina wannan shi ne babi mafi nauyi a duk tarihin, kuma shi aka fi tsallakewa in ana ba yara labarin Adamawa. Ɓangarorin biyu alƙibla ɗaya suke kallo, kaka ɗaya suke tutiya da shi, kowanne ya tabbata cewa rundunar da ido ba ya gani tana bayansa. Abin da ya raba su shi ne ko izinin Sakkwato yana nan da ransa ko an shafe shi daga Sudan. Amsar da aka samu kuwa ba daga malamai ta fito ba. Ranar 2 ga Satumba 1901 sojojin Ingila ƙarƙashin Morland suka ci Yola, Zubairu ya fita, Jamusawa suka sake karya shi a Garwa da Marwa, ya mutu yana gudun hijira a 1903. A 1907 wasu masu wa'azin Mahadi biyu, Goni Wadai a wajen Garwa da Mal Alhaji a wajen Marwa, suka tayar wa Jamusawa, bindiga mai ruwa ta gama da su cikin ɗan lokaci. Turawan Ingila ba su daina jin tsoron wannan gida ba: Sa'idu ɗan Hayatu, wanda ya tara jama'a a Dumbulwa kusa da Fika, sun kama shi a 1923 suka kai shi Buea, daga baya aka zaunar da shi Kano, inda ya rasu a 1978.

Tsakiyar ƙarni na 20 ta zo da tata rigimar, wadda ba sai an daɗe a kanta ba don an sha ba da labarinta. Failar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta shigo ta Kano bayan haɗuwarsa da Sarki Abdullahi Bayero a hajjin 1937, ta bazu har Adamawa, inda ake ambaton Modibbo Zailani cikin manyanta. Faila ta buɗe wa ɗan kasuwa da tela da direba ƙofar tarbiyya da ma'arifa, abin da a da sai wanda ya tsufa a kan buzu. Ƙadiriyya ta farfaɗo a hannun Shehu Nasiru Kabara da bandirinta da maukibinta. Aka yi ta ƙabalu da sadalu, a lardin Sakkwato har aka rushe masallatan Tijjanawa a 1949, aka yi tarzoma a 1956 da 1965.

Doubeli, 1984

Yola da Jimeta 'yan kilomitoci ne tsakaninsu, amma ba halinsu ɗaya ba. Yola garin fada ne, inda ake sanin mutum da gidansu, malami kuma da wanda ya karantar da shi. Jimeta bakin ruwa ce. Ta girma ne da jiragen Kamfanin Neja, wanda sarakunan Yola suka daɗe suna barinsa a kan kogi ba su yarda ya yi gini a tudu ba, sannan da ofisoshin Turawa, sannan da ma'aikatun jihar Gongola daga 1976. Bahaushe da Babarbare da Bachame da Kilba da Ibo da mutumin Kamaru da na Cadi, kowa ya sauke kayansa. A irin wannan gari baƙo zai iya kafa tsangaya a bayan kasuwa ya shekara ba wanda ya tambaye shi wa ya karantar da shi.

Muhammadu Marwa, wanda duniya ta sani da Maitatsine, daga Marwa ya fito, wato tsohuwar ƙasar Fombina, yankin da Hayatu ya yi zamaninsa. A Kano ya yi suna, Sarki Sanusi ya kore shi a 1962, ya dawo. Ba shi da ɗariƙa, ba ya cikin masu sukar ɗariƙa na zamani, duka ya haɗa ya tsine musu, tare da mai agogo da mai keke da mai rediyo. Ya yi watsi da hadisi, ya yi wa Alƙur'ani fassarar kansa. Shi ne mutumin da ya tsinke silsila gaba ɗaya: ba shehi a sama da shi, ba littafin malamai a gabansa. Abin da ya rage masa ya nuna wa gardawan da suka kewaye shi shi ne asiri tsagwaronsa, kuma Kano ta yarda yana da shi. An yi ta cewa harsashi ba ya huda mutanensa, an ga 'yan sanda da bindiga suna ja da baya gaban masu wuƙa da kwari da baka. A Disambar 1980 sai da aka sa soja, alƙaluman hukuma suka ce mutum 4,177 ne suka mutu, shi ma a ciki.

Almajiransa suka watse. A Oktoban 1982 aka yi tarzomar Bulunkutu a Maiduguri da ta Kaduna. Ranar 27 ga Fabrairun 1984 ta tashi a Jimeta ƙarƙashin Musa Makaniki, wata biyu kacal bayan Janar Muhammadu Buhari ya karɓi mulki. Gwamnan soja na Gongola a lokacin shi ne Muhammadu Jega, wanda daga baya, a 2005, ya zama Sarkin Gwandu, garin da Modibbo Raji ya baro. Unguwar Doubeli da kewayenta suka zama fagen fama na kwanaki. 'Yan sanda suka kasa, soja suka shigo da manyan bindigogi, kasuwar Jimeta ta ƙone, ɗaruruwan mutane suka mutu, wasu rahotanni sun kai adadin dubu, dubban iyalai suka rasa matsuguni. Makaniki ya sulale, ya sake ɓullowa a Gombe a Afrilun 1985, ya tsallaka Kamaru. Sai a 2004 aka kama shi, a 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi.

Dattawan Jimeta da suka ga wannan rana, in suna ba da labari, da wuya su tsallake zancen layu da guraye da ruwan da aka ce ana ba sabon shiga ya sha ya manta iyayensa. Gawarwakin 'yan tatsine da soja suka bari a titi sun isa su nuna cewa harsashi ya ci. Amma ba haka aka karanta abin ba. Cewa aka yi an karya asirin, ko wani ya saɓa sharaɗi, ko an samo wanda ya fi su. Maganin bindiga yana da wannan kariya da babu wani maganin da ke da ita: wanda ya yi wa aiki yana nan yana ba da shaida, wanda bai yi wa ba yana kabari.

Masu ruƙiyya da masu baka

Izala, wadda Shaikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978 da goyon bayan Shaikh Abubakar Gumi, ta zo da maganar da ta yi kama da rushe kasuwar baki ɗaya. Gumi ya riga ya share fage da littafinsa na aƙida na 1972 da tafsirinsa a Rediyon Kaduna. Wuridin da Annabi bai koyar ba bidi'a ne, kiran waliyyi shirka ne, laya da guru da bugun ƙasa duk a zubar. Ƙadirawa da Tijjanawa, waɗanda jiya ba sa bin juna salla, suka wayi gari a sahu ɗaya suna kare kansu. Izala ta samu karɓuwa ƙwarai a tsohuwar Gongola, musamman a gari irin Jimeta mai ma'aikata da 'yan boko da matasan da ba su da wani shehi na gado. Shugaban ɗaya daga ɓangarorinta biyu a yau, Shaikh Abdullahi Bala Lau, ɗan wannan yanki ne.

Sai dai Izala ba ta ce babu aljani ba, ba ta ce babu sammu ko kambun baka ba, ba kuma za ta iya cewa haka ba, tunda nassi ya tabbatar da sihiri da hassada. Matar da ta yi ɓari uku, da ɗan kasuwar da jarinsa ke narkewa, da budurwar da manema ke zuwa suna gudu, duk suna nan, kuma an hana su zuwa inda iyayensu ke zuwa. Wurin da aka bari ba ya zama fanko. Daga shekarun 1990 masu ruƙiyya suka cika shi: a karanta wa marar lafiya ayoyi da ƙarfi a kunne, a yi magana da aljanin da ke jikinsa, a kira shi zuwa Musulunci ko a kore shi, a haɗa da habbatus sauda da man zaitun da zuma da ganyen magarya. Shagunan magungunan Musulunci suka buɗe a kowace unguwa. Mai ruƙiyya zai ce shi izininsa hadisi ne, ba ya tambayar sunan uwa, ba ya zana hatimi, ba ya sa a yanka baƙin zakara. Malamin zaure zai ce ayar da kake tofawa a ruwa ita nake rubutawa a allo, kuma magabata kansu sun yi saɓani a kan rataya abin da aka rubuta daga Alƙur'ani, wanda gaskiya ne sun yi. Ɗan bori, da duka biyun suka haɗu a kan tsine masa, zai ce ku da kuke hira da aljani har kuna tambayarsa sunansa, me kuka bar mini? A cocin da ke bayan layi kuma fasto yana tasa addu'ar korar, da sunan Yesu, a jihar da mishan ɗin Lutheran ya kafu a Numan tun 1913.

Masu neman taimakon ba su cika damuwa da wannan muhawara ba. Kamar mai ciwon haƙori ne, duk wanda aka ce yana da magani za a gwada. A je asibiti da safe, a kira mai ruƙiyya da yamma, gwaggo kuma ta aiko da rubutu daga ƙauye a cikin jarka, a sha ba tare da an gaya wa maigida ba. Inda ake cutuwa shi ne inda ciwon na likita ne, farfaɗiya ko taɓin hankali ko ciwon da ke bin haihuwa, a shafe watanni ana dukan aljani kuɗi na tafiya. Ko a nan ma kowane ɓangare yana da amsa a shirye: wancan da kuka fara zuwa wurinsa ne ɗan damfara.

Hukuma kuwa ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi hukunci kan maita da tsafi da riƙe layar da aka yi don kare mai laifi. Amma a ƙarshen Oktoban 2014, da Boko Haram ta ci Mubi, gari na biyu a jihar Adamawa, ta sauya masa suna, ta gangaro ta Hong da Gombi har mutanen Yola suka fara ɗaure kaya, waɗanda aka yi wa tafi su ne maharba. Sun fito da bindigar toka da kwari da baka, riguna sun yi nauyi da layu, damatsa da kambuna, suka shiga gaba tare da soja, cikin Nuwamba aka ƙwato garuruwan. A cikinsu aka san Aisha Bakari Gombi, macen da ta jagoranci maza zuwa daji har labarinta ya kai gidajen talabijin na duniya. Waɗanda suke fuskanta mutane ne da ke yanka mai laya a matsayin mushiriki. Waɗanda suke karewa kuwa sun haɗa da dubban da suka sha jin wa'azin cewa laya shirka ce, suka kuma yarda da wa'azin. A wannan watan ba a ji wanda ya tare maharbi a kan gadar Jimeta ya ce ya kwance gurunsa kafin ya wuce ba.

Maharban suna da bayaninsu. Sanin daji ne, in ji masu lura, da sanin sawu, da rashin tsoron da ke sa mutum ya tsaya inda wani zai juya. Su kuma suna cewa gado ne, daga uba ko daga sarkin baka, da sharuɗɗansa na abin da ba a ci da abin da ba a kusanta, wato su ma da tasu silsilar. Da ƙura ta lafa wa'azi ya koma inda ya tsaya, ana sukar layu a kan mumbari ranar Juma'a, ana maulidi a zawiyoyi, ana mayar wa juna martani a Facebook da TikTok. Rundunar 'yan sandan jihar kuma, duk sanda ta fitar da sanarwar kama masu garkuwa da mutane a duwatsun Song ko Fufore ko Toungo, ba ta cika rasa ambaton cewa da haɗin gwiwar maharba aka yi aikin ba.